Eglantyne Jebb, malamar da aji ya gagara

'Yan'uwana mata, yau labarin wata Baturiya na kawo muku, musamman ku 'yammata da kuke gab da fita makaranta kuna tunanin aikin da za ku kama. Sunanta Eglantyne Jebb. An haife ta a 1876 a ƙasar Ingila, 'yar gidan masu hali ce. Ta karanta tarihi a Jami'ar Okisfod daga 1895 zuwa 1898, a zamanin da ba a ba mace digiri a can komai ƙoƙarinta.

Da ta gama sai ta ce ita 'ya'yan talakawa za ta koyar. Ta yi horon malanta, ta kama aiki a wata firamare a garin Malboro a 1899. To, nan fa aka yi ta. Ga talaucin yaran yana ci mata rai, ga hayaniyarsu ba ta da haƙurinta, ga jiki ya ƙi. Ba ta cika shekara 2 ba ta ajiye alli, ta tafi Kambirij ta zauna da mahaifiyarta, tana ganin ta kasa. Rubuce-rubucen da ta bari ma sun nuna ba ta cika son zama cikin yara ba. Kun ji fa, matar da duniya ta sani da ceton yara!

A Kambirij ta shiga wata ƙungiyar taimakon matalauta. Ba aikin a zo a gani ba ne. Bincike ne da rubutu: wa ba shi da aikin yi, wane irin ɗaki iyali suke kwana, wace ƙungiya ke ba da me, don kada a ba gida guda sau biyu a bar na kusa da shi da yunwa. A 1906 ta fitar da littafi a kan halin talakawan garin. Ni a ganina nan ta yi karatunta na gaskiya. Tausayi kowa yana da shi, amma sanin inda kowane kwabo na sadaka ya shiga, sai an zauna an koya.

A 1913 aka aike ta Masadoniya da kuɗin agaji, ta ga mata da yara, Musulmi da Kirista, waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu.

Da aka tsai da Yaƙin Duniya na Farko a 1918, Ingila da ƙawayenta ba su buɗe hanyar kai abinci Jamus da Ostiriya ba, yara suna ta mutuwa da yunwa. Eglantyne da ƙanwarta Dorothy suka tashi tsaye. A 1919 aka kama Eglantyne a dandalin Tarafalga a Landan tana raba takardu masu hoton yaran Ostiriya da suka rame. Kotu ta ci ta tarar fam 5. Sai ga shi lauyan gwamnati da ya gabatar da ƙararta, shi ya ciro fam 5 ɗin ya ba ta. Ran 19 ga Mayu na shekarar, ita da Dorothy suka kafa Save the Children. Mutane da yawa sun zage su, wai suna ciyar da 'ya'yan abokan gaba. Lokacin shekararta 42.

Abin da ta koya a Kambirij shi ya riƙe ƙungiyar. Ta sa talla a jaridu, ta tsare lissafi. Da aka yi yunwa a Rasha a 1921, ƙungiyar ta ciyar da yara kimanin 300,000 a lardin Saratof. A 1923 ta rubuta haƙƙoƙin yara guda 5, cikinsu har da ciyar da mai jin yunwa, jiyyar marar lafiya da tsare maraya. Majalisar ƙasashen duniya ta wancan zamani ta karɓe su a 1924, kuma su ne tushen yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989. Ƙungiyar kuwa har yau tana aiki a ƙasashe da dama, har da Nijeriya da Nijar.

Duk wannan tana yi tana fama da ciwon maƙoƙo, an yi mata aiki ba sau ɗaya ba. Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba. Ta rasu a Janiba ta ƙasar Suwizalan ran 17 ga Disamba 1928, tana da shekara 52, a can aka binne ta.