Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Mai Boɗinga

An haifi Malam Abdullahi a shekara ta 1766. Wurin mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani. Da ya kai shekara 13 aka danƙa shi ga wansa, Shehu Usmanu, ya bi shi yawon wa'azi har Zamfara. Bayan jihadi ya yi ƙarfi, ya ga son duniya ya shiga jama'a, sai ya bar rundunar yaƙi ya nufi Makka. Mutanen Kano suka tsai da shi, ya wallafa musu Liya'ul Hukkami. Ya komo, daga baya ya zauna Boɗinga. A 1812 ya jera malamansa cikin Ida'un Nusukhi, sarauta ba ta mantar da shi waɗanda suka karantar da shi ba. Ya rasu a Gwandu, 1829. Allah ya jiƙan sa, amin.