Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da cinikin da bai faɗa ba tsakaninsa da Ingila

A watan Maris na shekarar 1824 wani hafsan sojan ruwa na Birtaniya, Kyaftin Hugh Clapperton, ya iso Sakkwato bayan ya ratso Sahara daga Tarabulus, ya bi ta Barno da Kano. Mutumin da ya tarar a kan gadon mulki bai wuce shekara 43 ba, amma ya riga ya ci yaƙi, ya kafa birni, ya kuma wallafa littattafai. Shi ne Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansu.

An haifi Bello a 1781, ya tashi a Degel, ya yi karatu a wurin mahaifinsa da baffansa Malam Abdullahi. Yana cikin waɗanda suka yi hijira zuwa Gudu a 1804, kuma shi ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa, hedikwatar Gobir, a 1808. Shekara guda bayan haka ya aza harsashin Sakkwato a kan tudu, kusa da mahaɗar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi masa mubaya'a. Farkon mulkinsa bai zo da sauƙi ba, domin sai da ya fuskanci tawayen Abdussalami a Kware.

Abin da ba a cika tunawa da shi ba a tarihinsa shi ne yadda ya damu da ƙasa da ruwa da abin da talaka zai ci. A cikin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa raya sana'o'i da gina garuruwa da gyaran kasuwanni da hanyoyi cikin haƙƙin da ke kan mai mulki. Ya kakkafa ribaɗi a kan iyakoki, ya zaunar da Fulani makiyaya a cikinsu, ya kwaɗaitar da su noma, ya kuma shawarce su da su rage garken shanu su ƙara kiwon dawaki da raƙuma da tumaki da awaki. Ana danganta masa yaɗa ban ruwa da jigo da noman rake a fadamun Rima. Duk wanda ya san yadda damina take gajera a wannan yanki zai gane cewa wannan siyasa ce ta mutumin da bai yarda ya dogara ga ruwan sama kaɗai ba.

Da irin wannan lissafi ya saurari baƙonsa, wanda Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya ba wa masauki. Buƙatar Birtaniya a fili take: a daina fitar da bayi zuwa gaɓar teku. Ita kanta ta haramta cinikin ne a 1807, bayan biranenta irin su Libaful sun yi fiye da ƙarni guda suna azurta da shi. Bello bai ƙi ba, amma bai amsa a kyauta ba. A wasiƙar da ya aika wa Sarki George na Huɗu ya yarda zai hana fatakensa kai bayi ƙasashen bakin teku, shi kuma ya nemi a buɗe masa hanyar kasuwanci ta ruwa, a aiko masa da jakada da likita, a kuma samar masa da manyan bindigogi da albarushi. Ya san abin da Turawan Ingila suka yi a Indiya, kuma bai ɓoye wa baƙon cewa ya sani ba. Ya karrama shi, ya ba shi taswirar ƙasarsa, amma ya hana shi wucewa Yawuri don ganin Kwara.

Gaskiya ta hana a yi wa wannan labari kwalliya. Bauta ta ci gaba a cikin daular, kuma gandaye da yawa da guminsu aka noma su. Cinikin mutane zalunci ne, ko wane ne ya nemi a daina shi kuma ko da wace manufa. Ita ma Birtaniya, da ta soke bauta a yankunan mallakarta da dokar 1833, fam miliyan 20 na diyya da ta ware iyayen gijin bayi ta biya, ba bayin ba.

Siffar tattaunawar ce ta yi kama da abin da wakilan Najeriya ke gamuwa da shi a tarukan sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙasashen da suka gina masana'antunsu da kwal da man fetur suna neman waɗanda suka zo daga baya su rage hayaƙi, alhali abin da Afirka gaba ɗaya ke fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba. Ƙasashe masu tasowa sun amsa, amma suna tambayar da me za a maye gurbin abin da za su bari. A Kofanhagen a 2009 aka yi musu alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, wa'adin ya wuce ba a cika ba. Najeriya, wadda mafi yawan kuɗin ƙasashen waje da take samu daga mai ne, ta yi alkawari a 2021 cewa za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake zuƙewa nan da 2060. A Baku a 2024 aka tsayar da dala biliyan 300 duk shekara kafin 2035, kuma wakilan Najeriya da na Indiya suka fito fili suka ce ya yi kaɗan. Sakkwato na cikin jihohi 11 na Arewa da shirin dasa shingen itatuwa don tare hamada ya ratsa, don haka wannan ja-in-ja ta shafi manomin Illela da Gada kai tsaye.

Yarjejeniyar 1824 ta rushe ne tun ba ta tsaya da ƙafarta ba, kuma kowane ɓangare yana da nasa kason. Garuruwan da aka ambata a matsayin wurin haɗuwa, Funda da Raka, ba a bakin teku suke ba. Da Clapperton ya dawo ta jirgin ruwa a ƙarshen 1825 bai iske manzannin Bello ba, sai ya sauka a Badagiri ya nufo arewa ta ƙasa. Turawan da suka taso tare da shi suka ƙare a hanya, ya rage daga shi sai baransa Richard Lander. Ya riski Sarkin Musulmi a 1826 ana tsakiyar rikici da Shehu Laminu na Barno, ga shi kuma yana ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka, har da makamai, zuwa ga abokin gabar. Bello ya sa aka karɓe su. Baturen ya ɗauki wannan cin amana ne, alhali babu sarkin da zai bari a ratsa ƙasarsa da bindigogi zuwa ga wanda ke yaƙarsa. Duk da haka, cikin waɗannan watanni ne baƙon ya taɓa iske Bello zaune yana nazarin littafin lissafi na Uƙlidis da Larabci, wanda yake cikin tsarabar da aka kawo masa. Clapperton ya mutu ranar 13 ga Afrilu, 1827, aka binne shi a wani ƙauye kusa da birnin. Ba jakada, ba likita, ba tashar jirgi.

Bello ya mayar da hankalinsa ga cikin gida. Ya gina Wurno a gefen Rima, ya mai da ita ribaɗinsa kuma mazauninsa, ya ci gaba da rubutu a kan shari'a da siyasa da magunguna. Littafinsa Infaƙul Maisuri har yanzu shi ne madogara ta farko ga mai binciken tarihin jihadi. A 1836 ya ci gamayyar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa a Gawakuke. Ya rasu a Wurno a 1837 bayan shekara 20 yana mulki, aka binne shi a can, ɗan'uwansa Abubakar Atiku ya gaje shi.