IMRANA ƊAN HUSAINI, SAHABIN DA YA DAƊE YANA JINYA

Ya kai ɗan'uwa matashi, idan kana fama da sikila, ko ciwon sukari, ko basir da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, to saurari labarin Imrana ɗan Husaini, Allah Ya yarda da shi.

Mutumin ƙabilar Khuza'a ne, ana yi masa alkunya da Abu Nujaidin. Ya musulunta a shekara ta 7 bayan Hijira, shekarar Khaibara. Sayyidina Umar ya tura shi Basra ya karantar da mutane addini, ya yi alƙalanci a can, daga baya ya nemi a sauke shi. Da fitina ta tashi tsakanin Musulmi, ya janye jikinsa.

Basir ya kama shi tun Manzon Allah (S.A.W.) yana raye. Bai ɓoye don kunya ba, sai ya je ya tambayi yadda zai yi salla. Aka umarce shi ya yi a tsaye, in ya kasa ya zauna, in ya kasa ya kwanta a gefensa. Buhari ne ya ruwaito. Duba fa: bai bar salla ba, kuma bai takura wa jikinsa ba. Yau sai ka ga saurayi a nan Sheshe, likita ya ce masa azumi zai cutar da shi, amma ya yi taurin kai don gudun bakin abokai, alhali Allah Ya yi masa rangwame. Wani kuma da ya ji sauƙi sai ya watsar da magani, ya koma shan zaƙi.

Imrana ne kuma ya ruwaito labarin mutumin da ya sa zoben tagulla don tsari daga ciwo, Annabi ya umarce shi ya cire. Ahmad da Ibnu Majah suka kawo shi. Neman magani halal ne, amma laya da guru da zuwa wajen boka ba su cikin wannan halaccin, komai tsananin ciwo.

Daga baya ruwa ya taru masa a ciki. Malaman tarihi sun ce ya yi shekara 30 yana jinya, har aka huda masa gado don biyan buƙata. A haka yake karantar da hadisi, almajirinsa Muɗarrifu yana zuwa duba shi. Ya rasu a Basra shekara ta 52 bayan Hijira.