Dakta Sara Baker, Uwar Jariran Birnin Niyok

'Yan'uwana mata, a wannan mako zan ba ku labarin wata likita Ba'amurkiya mai suna Sara Josephine Baker. Ku 'yan makaranta masu sha'awar aikin asibiti sai ku kasa kunne, domin ita ba zama ta yi tana jiran marasa lafiya ba, bin gidaje ta yi tana tare ciwo tun bai shigo ba. Wannan fanni shi ake kira kiwon lafiyar jama'a.

An haife ta a 1873 a Jihar Niyok. Tana da shekara 16 zazzaɓin taifod ya kashe mahaifinta, sai ta ƙudura za ta zama likita don ta riƙe gidansu. Ta gama makarantar likitanci ta mata a 1898, ta zo ta biyu cikin ɗalibai 18. Ta buɗe ɗakin duba marasa lafiya, amma shekara guda cur dala 185 kaɗai ta samu. Saboda haka a 1901 ta kama aiki da ma'aikatar lafiya ta birnin Niyok, aikin da ya yi kama da na duba-gari.

Aka tura ta unguwannin talakawa, inda baƙi 'yan ci-rani daga Turai suke cunkushe a ɗakuna marasa iska. In zafi ya zo sai madara ta lalace, a ɗura wa jarirai, zawo ya yi ta kwasarsu. A lokacin zafi na 1908 ta nemi a ba ta nas-nas 30. Duk gidan da aka yi haihuwa sai nas ta je ta zauna da mai jego, ta nuna mata amfanin ba da nono, da yi wa jariri wanka, da buɗe taga, da rage masa tufafi masu nauyi. Uwargida, kin ga babu allura a ciki, babu ƙwaya. Da aka yi lissafi sai aka ga jariran da suka mutu a wannan yanki sun ragu da wajen 1,200 a kan na bara.

A shekarar nan aka kafa sashen lafiyar yara, aka ba ta shugabanci. Likitoci maza shida suka ajiye aiki, wai ba za su zauna ƙarƙashin mace ba. Ta lallashe su su gwada wata ɗaya, suka gwada, suka zauna. Unguwarzoma kuwa, da likitoci da yawa suke so a hana su sana'a, ita sai ta sa aka horar da su aka ba su lasin, tun da su matan talakawa suka sani, su suke kira. Ta kuma lura cewa in uwa ta tafi aiki 'yar yarinya ake bar wa reno, sai ta tara 'yan mata daga shekara 12 ana koya musu kula da ƙannensu, su kuma su kai ilmin gida.

To, ga inda na fi so ku lura. A 1915 Jami'ar Niyok tana da kwas na babban digiri a kan kiwon lafiyar jama'a, wanda likita yake shiga bayan ya gama karatunsa na farko, ya koyi lissafin haihuwa da mutuwa, da yadda annoba take yaɗuwa, da tsabtar ruwa da abinci. Shugaban makarantar likitancin, Dakta William Park, ya roƙe ta ta koyar da lafiyar yara. Ta gindaya sharaɗi: sai an ɗauke ta ɗaliba ita ma ta sami digirin. Aka ƙi, domin ba a ɗaukar mata. Ita ma ta ƙi. Ya yi ta neman namijin da ya san aikin kamar ta, bai samu ba, tilas aka buɗe ƙofa gare ta da sauran mata. A 1917 ta zama mace ta farko da jami'ar ta ba digirin dakta a wannan fanni. Kada ku zaci an huta. Ɗalibai maza suka riƙa yi mata tafin reni in ta shigo aji, su kuma yi mata in za ta fita, haka har shekara 15, ita ko tana ta koyarwa abinta.

Ta bar ma'aikatar a 1923, an kuwa ƙiyasta cewa aikin sashenta ya ceci ran jarirai kimanin 90,000. Ta zama mai ba gwamnatin tarayyar Amurka shawara a kan lafiyar yara, ta kuma wakilci ƙasarta a kwamitin lafiya na ƙungiyar ƙasashen duniya ta wancan zamani. Ta rasu ran 22 ga Fabrairu, 1945, tana da shekara 71.