Frederick Douglass: bawan da ya tsere, da gidan da mata suka ceto

A kan wani tudu na unguwar Anacostia da ke birnin Washington na Amurka, akwai wani gida mai ɗakuna 21 da ake kira Cedar Hill. A nan ne Frederick Douglass, ɗaya daga cikin jagororin yaƙi da bauta, ya yi ƙarshen rayuwarsa. Da ba don jajircewar matarsa da ƙungiyoyin mata ba, da tuni bashi ya cinye gidan.

An haifi Douglass a cikin bauta a jihar Maryland a shekarar 1818, aka kuma raba shi da mahaifiyarsa tun yana jinjiri. Yana ɗan shekara 8 aka tura shi aikatau birnin Baltimore. A can uwar gidan, Sophia Auld, ta fara koya masa baƙaƙe, amma mijinta ya hana, don yana ganin ilimi na ɓata bawa. Wannan hani ne ya buɗe wa yaron ido. Ya ci gaba da koyo a ɓoye wurin yaran unguwa, yana biyan su da burodi.

Ranar 3 ga Satumban 1838 ya sa kayan ma'aikatan jirgin ruwa, ya hau jirgin ƙasa ya tsere zuwa New York. Anna Murray, baƙar fata mai ƴanci wadda ta tallafa masa da guzuri, ta bi shi suka yi aure. A 1845 ya wallafa tarihin rayuwarsa, inda ya ambaci iyayen gijinsa da sunansu. Tsoron kada a kamo shi ya sa ya tafi Ireland da Birtaniya, kuma a can ne magoya bayansa suka haɗa fam 150 suka fanshe shi. Da ya dawo a 1847, ya kafa jaridar The North Star a garin Rochester.

Lokacin yaƙin basasa ya gana da shugaba Abraham Lincoln a 1863, ya nemi a daidaita albashin sojoji baƙaƙe da na farare. Ƴaƴansa biyu, Lewis da Charles, na cikin waɗanda suka shiga soja. An haramta bauta a Amurka a 1865.

A 1872 gobara ta cinye gidansa na Rochester, sai ya koma Washington. A 1877 ya sayi Cedar Hill, a unguwar da a da aka haramta sayar wa baƙar fata fili. Bayan rasuwar Anna a 1882, ya auri Helen Pitts, farar fata, a 1884, auren da ya jawo masa suka daga ɓangarori biyu. Ya yi jakadan Amurka a Haiti daga 1889 zuwa 1891, ya kuma rasu a gidansa ranar 20 ga Fabrairun 1895.

Daga nan rikicin gado ya taso. Ya bar wa Helen gidan a wasiyya, amma shaidun da suka sa hannu ba su cika adadin da doka ta nema ba. Dole ta ci bashi ta sayi kason ƴaƴansa. Ta kafa ƙungiyar kula da gidan, wadda majalisar dokoki ta amince da ita a 1900. Ta rasu a 1903, bashin na nan bai ƙare ba.

Shekaru suka shuɗe gidan na lalacewa. A 1916 ƙungiyar mata baƙar fata ta ƙasa, ƙarƙashin jagorancin Mary B. Talbert, ta ɗauki nauyin lamarin. Da taro da sisi suka tara kuɗi daga rassansu, attajirar nan Madam C. J. Walker ta ba da dala 500. A 1918 suka biya bashin, a 1922 aka kammala gyara.

Sai a 1962 gwamnatin tarayya ta karɓi gidan, shekara 67 bayan rasuwar mai shi, aka buɗe shi ga jama'a a 1972. Yau masu ziyara na ganin teburinsa na rubutu da littattafansa a ɗakin karatunsa.