Karl Liniyas, Mai Raɗa wa Tsirrai Suna

Ina so in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin wani masani wanda duk mai koyar da sanin tsirrai ya ke cin moriyar aikinsa, ko ya san sunansa ko bai sani ba.

An haifi Karl Liniyas a ƙasar Suwidin cikin 1707. Ubansa limamin coci ne mai son lambu, ya kuwa so ɗan ya gaje shi, amma hankalin yaro na wajen furanni. Sai ya koyi aikin likita, domin a zamanin nan likita shi ne masanin itatuwa. Cikin 1732 ya yi wata biyar yana yawo a Laflan, can arewa inda sanyi ya ke, yana tsintar tsirran daji yana rubutawa.

Wahalar masana a lokacin ita ce suna. Mu ma mun san irinta, ganye ɗaya wani ya ce zogale, wani ya ce bagaruwar Makka. Su kuwa sai su jera kalmomin Latin da yawa, duk sunan ciyawa guda, har mutum biyu su yi ta musu a takarda, ashe abu ɗaya su ke nufi. A littafin da ya buga cikin 1753 Liniyas ya jera tsirrai kusan 6,000, kowanne da suna biyu kurum, na dangi da na kansa.

To, yaya mutumin da bai taɓa fita ƙasashen Turai ba ya san wannan duka? Ta wasiƙa ne. Yana zaune a jami'ar Ufsala, masana suna aiko masa da iri da busasshen ganye, shi kuma yana mayar musu da amsa. Kukarmu ya sa mata Adansonia digitata, don girmama Adanson, Bafaranshen da ya tafi Senegal cikin 1749 ya yi bayaninta, ko da ya ke Adanson bai yarda da yadda Liniyas ke kasa tsirrai ba. Tsamiya kuwa ya laƙaba mata sunan Indiya, alhali asalinta Afirka ne.

Ya kuma aika almajiransa ƙasashe masu nisa, nan ne labarin ya ke ba ni tausayi. Na farkonsu ya mutu a hanyar Sin cikin 1746, matarsa ta ɗora wa malamin laifi, daga nan ya fi aika marasa aure. Haselkwis ya zaga Masar da Falasɗinu, ya mutu cikin 1752. Forskal zazzaɓi ya kashe shi a Yaman cikin 1763. Afzeliyas ya tsira, ya je Saliyo cikin 1792, da sunansa a ke kiran itacen kawo, watau Afzelia.

Akwai abin da ba na yaba masa. Ya kasa 'yan Adam gida huɗu bisa launin fata, ya jingina wa baƙar fata halin lalaci, ba tare da ya taɓa taka ƙasarsu ba. Binciken da ya yi wa furen ciyawa bai yi wa mutane ba.

Ya rasu cikin 1778. Cikin 1784 matarsa ta sayar wa wani saurayi Ingilishi, Smit, littattafansa da wasiƙu da busassun tsirrai, aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Landan, inda su ke ajiye har yanzu.