Tunawa Da Marigayi Malam Sa'adu Zungur

Mu 'yan Jama'are da Azare da ke zaune a zango muna ɗaukar Malam Sa'adu namu ne, domin tun 1926 ƙasar Katagum take cikin Lardin Bauchi, inda aka haife shi a gidan malamai. Allah ya jiƙansa.

Bayan Kwalejin Katsina, a 1934 ya tafi Kwalejin Yaba a Ikko, shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga. A shekarar nan samarin Ikko suka kafa ƙungiya don ƙin tsarin Yaba, wadda takardarta ba ta kai digirin Ingila ba. Wato baƙar fata ya sha karatu, amma ya ƙare yana mataimakin Bature. A zaɓen 1938 ƙungiyar samarin nan ta kayar da jam'iyyar Herbert Macaulay.

Malam ya koyar a makarantar duba-gari ta Zariya, har ciwon huhu ya komo da shi gida. Bai zauna shiru ba. A 1943 aka buɗe zauren muhawara a Bauchi, shi da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Balewa suna cikin masu magana. Ana fara taɓa mulkin En'e da albashin sarakuna, hukuma ta rufe zauren. To, mai tambaya ne ya yi laifi?

A 1948 ya zama sakataren NCNC ta Dakta Azikiwe a Ikko, shekara ɗaya bayan an hana Ivor Cummings, jami'in Ofishin Mulkin Mallaka daga Landan, ɗaki a otal ɗin Bristol saboda launin fatarsa. Zaman bai ɗore ba, don ya ga 'yan Kudu ba su damu da matsalolin Arewa ba. Waƙarsa Arewa Jumhuriya Ko Mulukiya ma akwai zafi a kansu, wannan ba a ɓoye yake ba.

Da ya komo sai ya rungumi NEPU, wadda samari suka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. A zaɓen 1951 matasa da talakawa sun ba ta ƙuri'a a matakin farko a Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma En'e tana cusa nata mutanen, aka tankaɗe 'yan NEPU kafin a kai Majalisar Kaduna. Mata kuwa ko ƙuri'ar ba su da ita.

Ciwon bai sake shi ba. Ya rasu a 1958, saura shekara 2 a sami mulkin kai.